Riƙon Maraya a Damagaram: Dangi, Gidan Marayu da Kuɗin Jama'a

Gidan marayu, wato ginin da ake tara yaran da suka rasa iyaye a ciyar da su, a kwantar da su ƙarƙashin kulawar ma'aikata masu albashi, baƙo ne a ƙasar Damagaram idan aka auna shi da tsawon tarihinta. Daular da zuriyar Malam Yunus ta kafa a ƙarni na 18, wadda ta mayar da mazauninta Zinder a farkon ƙarni na 19, ta yi zamaninta har Faransawa suka ci ta da yaƙi a 1899 tana riƙon marayunta a gidajen dangi, kuma har yau mafi yawan marayun unguwannin Birni da Zango da ƙauyukan Mirriya da Magarya da Matamaye a hannun kakanni da gwaggwanni da iyaye mata suke kwana. Abin da wannan lacca take son tsayarwa shi ne cewa kuɗin da jama'a suke tarawa da sunan maraya ya kamata su bi yaron duk inda yake, ko a gidan marayu ko a ɗakin kakarsa, kuma darajar gudunmawa tana ga ɗorewarta da tsabtar lissafinta fiye da yawanta a ranar da aka bayar da ita.

Tsohon tsarin yana da ƙa'idoji rubutattu waɗanda malaman ƙasar suka karanta a zaure cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, manyan littattafan mazhabar Malikiyya. A wurin waɗannan malamai maraya shi ne yaron da ubansa ya rasu tun bai balaga ba, kuma shari'a ta raba kula da shi gida biyu. Akwai halana, wato reno da tarbiyyar yau da kullum, wadda take hannun uwa, idan kuma ta rasu ko ta yi wani aure sai ta koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwa. Akwai kuma kula da dukiya, wadda take hannun wasiyyi, mutumin da uba ya ba amana kafin rasuwarsa, ko wanda alƙali ya naɗa idan ba a bar wasiyya ba. Suratun Nisa'i ta yi umarni da a gwada hankalin maraya idan ya kai munzali, a miƙa masa dukiyarsa a gaban shaidu, ta kuma tsananta gargaɗi ga mai cinta da zalunci. Ɗaukar ɗan wani a ba shi sunan mai riƙo da gadonsa kuwa, Suratul Ahzabi ta soke shi, abin da ya rage shi ne kafala, wato ɗaukar nauyin yaro yana riƙe da sunan ubansa da nasabarsa, kuma wannan shi ne abin da Bahaushe ya daɗe yana kira riƙo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20 cikin hanyoyin da ake kula da yaron da ya rasa iyalinsa.

Akwai wata mas'ala a cikin wannan fiƙihu da masu tara gudunmawa ba su cika lura da ita ba, alhali ita ce hujjar aikinsu mafi ƙarfi. A mazhabar Malikiyya ciyarwar da shari'a take tilasta wa mutum ta tsaya ga matarsa da 'ya'yansa ƙanana da iyayensa matalauta, ba ta kai ga ɗan ɗan'uwa ko jika ba, saboda haka baffan da ya riƙi maraya kyautatawa ya yi da sadar da zumunci, alƙali ba zai iya ɗora masa ciyarwar da ƙarfi ba. Marayan da ubansa bai bar komai ba nauyinsa yana kan baitulmali, idan kuma babu baitulmalin da zai ɗauka sai ya zama farillar kifaya a kan jama'ar gari, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan sauran, idan kuma kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ƙungiyar unguwa da take zagayawa da littafin gudunmawa tana tsaye ne a gurbin da baitulmali ya bari, mai sa kuɗi a cikin asusunta kuma nauyin da yake wuyansa yake saukewa.

Bai kamata a yi wa zamanin sarakuna kwalliyar da ba tasa ba. Damagaram ta ƙarni na 19, wadda Sarki Tanimu ya kewaye birninta da ganuwa ya kuma tara mata bindigogi da igwa kafin rasuwarsa a 1884, daula ce da take kai hari tana kama bayi tana sayarwa ga ayarin Sahara, kuma Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na mata da yara da aka koro daga ƙauyuka. Wasu daga cikin yaran da suka tashi a gidajen manya ba tare da iyayensu ba ta wannan hanya suka shigo. Riƙon dangi ma yana da nasa tabo, domin kowa ya san ɗan riƙon da ake tura wa ɗiban ruwa da kiwo yayin da 'ya'yan gida suke makaranta, da agola, wato ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji, wanda yake cin tuwo tare da gori. Duk da haka tsarin ya ɗauki nauyin da babu wata hukuma da za ta iya ɗauka a shekarun yunwa, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 da mutanen ƙasar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har zuwa ƙarancin abincin 2005 da ya cika cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Zinder da ƙananan yara.

Abin da ya canza shi ne yawan jama'a da ƙarfin gidan da ake sa ran zai yi riƙon. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Zinder ita ce mafi yawan mutane a Nijar, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, gonakin gado kuwa a kudancin jihar an yi ta raba su har sun zama ƙanana da ba sa ciyar da gida shekara. Matar da ta fita takaba, wato zaman wata huɗu da kwana goma da mace take yi bayan rasuwar miji, da yara biyar a gabanta, takan tarar da dangin mijin su ma rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka. Daga irin wannan ƙunci ne tafiyar mata da yara zuwa bara a Aljeriya ta samo asali, musamman daga yankin Kance, kuma a watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa buhun hatsin da aka kai wa uwar marayu a ƙauyenta a kan kari yana iya hana tafiyar da babu wani gidan marayu da zai iya gyara abin da ta ɓata.

Wannan bai kore bukatar gidan marayu ba, sai dai ya iyakance wurinsa. Akwai jaririn da aka tsinta a yashe, wanda fiƙihu yake kira laƙiɗi, ya kuma hukunta cewa ɗa ne mai 'yanci, ɗaukarsa wajibi ne a kan jama'a. Akwai wanda uwarsa ta rasu wurin haihuwa babu mai shayar da shi. Akwai ɗan mai taɓin hankali da take yawo a kasuwa. Akwai wanda alƙalin yara ya raba da gidan da ake cutar da shi. Waɗannan suna bukatar gado da madara da mai kwana da su a daren da aka kawo su, kafin a fara neman dangi. A Zinder akwai misalai biyu na aikin da kuɗin sa-kai daga waje yake ɗauke da shi. Ƙungiyar Au Cœur du Niger, wadda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 2009, tana tafiyar da cibiyar Après-demain inda ake kula da marayu da zabiya da 'yan matan da suka haihu ba su da mai tallafa musu, ana ba su karatu da sana'a. Gidauniyar Sentinelles kuwa, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Lozan a 1980, tun 1992 take kula da yara masu cutar noma a Zinder, cutar da take cin baki da fuska ga yaron da tamowa ta raunana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023. Cibiyar Sentinelles ba gidan marayu ba ce, amma tsarinta abin koyi ne ga masu gidajen marayu, domin yaro yakan zauna ne gwargwadon jinya, sannan a mayar da shi gida ma'aikata su riƙa bin sa har ƙauyensu suna duba lafiyarsa da karatunsa. A gefe guda kuma ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa, irin su Direct Aid ta Kuwait da Dakta Abdurrahman al-Sumait ya assasa a 1981, wadda aka fi sani a Nijar da AMA, sun yaɗa tsarin kafalar wata-wata, inda mai bayarwa yake ɗaukar nauyin maraya guda sananne.

Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da danginsa ba, sun kuma ce wanda bai kai shekara 3 ba a cikin iyali ya kamata a rene shi. Hujjar wannan ta fito daga bincike irin wanda aka fara a Bukares ta ƙasar Romaniya a shekarar 2000 a kan yara 136 da suke gidajen marayu, inda aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, aka kuma ga sun fi waɗanda aka bari ci gaban hankali da magana da shaƙuwa da mai reno, musamman waɗanda aka fitar tun ba su kai shekara 2 ba. Makwabciyar Nijar ma ta ga wani fanni na haɗarin, domin a Oktoba 2007 aka kama 'yan ƙungiyar Arche de Zoé ta Faransa a Abeche ta ƙasar Chadi suna shirin fita da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne, bincike kuma ya nuna mafi yawansu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi a raye. Darasin da yake cikin wannan ga mai tara kuɗi a Damagaram shi ne, idan gudunmawa tana ƙaruwa da yawan kawunan da suke kwana a gini, to za a sami mai neman cika ginin, uwa matalauciya kuma za ta kawo ɗanta ta ce ba shi da kowa don ya sami makaranta da abinci sau uku. Haka nan almajiri, wanda baƙo yakan ɗauka maraya ne saboda ya gan shi da ƙoƙo, galibi ubansa ne da kansa ya miƙa shi ga malam, matsalarsa daban ce, maganinta ma daban.

Idan aka koma ga kuɗin kansu, abu na farko da kwamitin tara gudunmawa yake bukatar sani shi ne cewa ba kowace gudunmawa ce ake kashewa a kowane wuri ba. Zakka tana da masu cinta kashi takwas da Suratut Tauba ta lissafa, kuma ba a ambaci maraya a cikinsu da sunan maraici ba, yana shiga ne idan matalauci ne, shi ya sa marayan da ya gaji garke ba ya cin zakka. Malaman Malikiyya kuma ba su yarda a yi gini da ita ba, saboda haka kuɗin zakka abinci ne da tufa da magani ga yaran, bulo da kwano da fenti kuwa sai daga sadaka ko waƙafi. Kwamitin da yake zuba zakka da sadaka da kuɗin gini a asusu guda ya jefa masu bayarwa cikin shakka a kan ibadarsu, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe littafi uku.

Abu na biyu shi ne lokaci. Hannun jama'a yana buɗewa a watan azumi da ranakun salla, a ga shinkafa da sukari da atamfa da naman layya sun taru har su yi yawa, alhali yunwar gida tana bin damina, daga lokacin da rumbu ya ƙare zuwa sabon hatsi, zazzaɓin sauro kuma yana tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Tunda watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sau da yawa kyauta da bukata ba sa haɗuwa. Manomin ƙasar ya san maganin wannan tun kafin a kafa bankunan hatsi, wato a sayi gero da kaka lokacin da tiya take da araha a ajiye, kuma kwamitin da ya karɓi zakkar hatsi a bakin gona, ko ya juya kuɗin azumi zuwa buhunan da zai raba a watannin wahala, ya ninka amfanin abin da aka ba shi. A birnin Zinder akwai ƙarin nauyi da wasu garuruwa ba su sani ba, shi ne ruwa, domin garin a kan dutse yake zaune, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake janyo masa ruwa, kuma da bazara gidan da yake da yara masu yawa yana iya kashe wa 'yan ga-ruwa abin da bai taɓa sa wa a kasafinsa ba. Mai kyauta yana son a rubuta sunansa a jikin aji ko masallaci, ba kasafai ake samun mai son biyan kuɗin ruwa da albashin mai reno ba, alhali su ne suke riƙe da gidan.

Abu na uku shi ne tushen kuɗin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, ƙasashen Turai da dama kuma suka dakatar da tallafi, kowace cibiya da take jiran kuɗi daga waje ta ga yadda abincin yaranta ya rataya ga siyasar da ba ta da hannu a ciki. Jama'ar ƙasar kuwa suna da dabarun tara kuɗi da suka girmi kowace ƙungiya. Akwai adashe, akwai biki da ake rubuta abin da kowa ya kawo don a rama masa, akwai kuma asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, inda mata suke zubi kowane mako a akwati mai makulli, a ƙirga a gaban kowa. Lissafin ba shi da wuya: gida 200 da kowanne zai ba da dala ɗari, wato sefa 500, a kowane wata sun tara jika ɗari, kuma kuɗin da aka san za su shigo kowane wata ana iya ɗaukar mai reno da su, abin da miliyan guda da ta faɗo sau ɗaya ba za ta yi ba. 'Yan Damagaram da suke fatauci ko ƙwadago a Kano da Agadas da Libiya suna aiko da kuɗi ta Nita da Amana da Al Izza, kuma kowace aika tana barin shaida a rubuce, wadda take sauƙaƙa bincike. Ƙungiyar da ta yi rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, ta raba mai riƙe kuɗi da mai sa hannu, ta kuma karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban liman da mai unguwa ko a gidan rediyo, ta rufe bakin zargi tun bai buɗe ba. Mataki na gaba da wannan shi ne waƙafi, wato tsayar da kadara kamar shago ko gona ko gidan haya ta yadda ba a sayarwa ba a gado, amfaninta kaɗai ake ci. Nijar ta yi masa doka a 2019 ta kuma kafa masa hukuma, jihohin Sakkwato da Zamfara a Najeriya ma suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma attajirin da ya tsayar da shaguna biyu a kasuwar Dole don marayun unguwarsu ya ba su abin da zai ci gaba bayan ransa.

Aikin sa-kai, wato ba da lokaci da ƙwarewa ba tare da lada na kuɗi ba, shi ma ba baƙo ba ne ga mutanen da suka san gayya, suka kuma ga samariya a zamanin Seyni Kountché tana gina azuzuwa da hannu. Sai dai gayya ta dace da yaɓe da shara da dashen itace, reno kuwa ba ya son sauyin hannu. Ƙaramin yaron da ya riga ya rasa uwa, idan kowane mako wata sabuwar fuska ce take ɗaukarsa ta yi masa wasa ta tafi, rabuwar ce ake maimaita masa, shi ya sa ya fi kyau a bar goyo da ciyarwa ga mata ƙalilan masu zama, a biya su haƙƙinsu. Mai sa-kai ya fi amfani inda yake da sani: ɗalibin Jami'ar André Salifou da zai ɗauki darasin lissafi na shekara guda ga masu shirin jarrabawar BEPC, malamar asibiti mai ritaya da za ta riƙa duba katin rigakafi, akawun da zai daidaita littattafai, baduku ko tela da zai karɓi yaro a rumfarsa har ya iya sana'a. Wanda zai bi wa yaro takardar haihuwa a kotu da ofishin magajin gari ya yi masa aikin da ya fi kayan salla, domin ba tare da ita ba yaron ba zai zauna jarrabawa ba. Dole ne kuma a san kowane mai shiga, kada a bar baƙo shi kaɗai da yaro, kuma a daina jera marayu riƙe da buhu ana ɗaukar hotonsu don Facebook da WhatsApp, domin hoton yana nan bayan an cinye shinkafar, a garin da kowa ya san kowa kuma abin gori yake zama ga yarinya ranar da aka zo neman aurenta.

Ranar fita ita ce wadda masu kasafi suka fi mantawa da ita. Saurayin da ya tashi a gidan marayu yana bukatar jari ko keken ɗinki da wurin kwana, budurwa tana bukatar waliyyi da kayan ɗaki da dangin da za ta je wa wankan gida, kuma duk waɗannan a hannun danginsu suke, waɗanda idan an yanke zumunci da su shekara goma ba za a same su a rana ɗaya ba. A Nijar doka ta bar rabon gado ga al'adar masu shi, wadda ga mafi yawan mutanen Damagaram shari'ar Musulunci ce, kuma yaron da aka kai birni yana ƙarami yakan dawo ya tarar an haɗe gonar ubansa da ta baffa, shaidun iyaka kuma sun mutu. Saboda haka aikin kwamiti ne, tun ranar da ya karɓi yaro, ya sa a zauna taron dangi a rubuta abin da uban ya bari da sunan wanda yake riƙe da shi, mai gari da liman su shaida, a ajiye kwafi guda a kotu guda kuma a fayil ɗin yaron, sannan a riƙa kai shi hutu ƙauyensu kowace damina don ya san gonar, mutanen garin kuma su san shi.